Fargabar Cuta a Jirgin Ruwa na Shaƙatawa: Ina Haɗarin Yake?



An nemi in yi magana a kan wata fargaba da ta zauna a zukatan matafiya tun 2020, wato tsoron kwasar cuta a cikin manyan jiragen ruwan nan da ake shiga don hutu, a yi mako ɗaya ko biyu ana ratsa teku ana yada zango a birane. Na san yawancinmu a zauren nan ba mu taɓa taka irin wannan jirgi ba. Amma a 2023 kaɗai sama da mutum miliyan 30 ne suka shige su, kuma yanzu har daga Jidda suna tashi su zagaya Bahar Maliya. Ban da haka, ga mai nazarin annoba babu wurin da ya kai jirgi nuna abu a fili. An san yawan waɗanda ke ciki, an san ɗakin kowa, an san ranar shigarsa da ranar fitarsa.

Ku ɗauki jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024. Hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata sama da 2,000. Ku dubi abu ɗaya tak a cikinsa: cokalin zuba shinkafa a zauren cin abinci, inda kowa ke ɗibar wa kansa. Wanda ya fito daga bayi bai wanke hannu da kyau ba ya riƙe shi, yaron da ya gama tsotsar yatsa ya riƙe shi, dattijuwa mai ciwon suga ta riƙe shi, sannan ta ɗauki burodi da wannan hannun ta kai baki. Haka maɓallin lifta, haka ƙarfen dafawa na matakala. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya ga yadda ciwon idon afolo ke shiga ɗaki ɗaya ranar Litinin, kafin Juma'a ya gama da makaranta, ya san abin da nake nufi.

Cutar da ta fi addabar waɗannan jirage amai da gudawa ce, wadda ƙwayar norobairos ke haddasawa. An gano ta ne sakamakon ɓarkewar da ta kwantar da yara a wata firamare a garin Norwalk na jihar Ohio a 1968. Ƙwaya ƙasa da 100 ta isa ta kayar da ƙato. Tana bayyana cikin awa 12 zuwa 48, ta yi kwana 1 zuwa 3 tana wahalar da mutum, kuma tana iya kwanaki a jikin tebur ko mariƙin ƙofa da ranta. Sanitaiza da muka saba shafawa tun zamanin korona ba ya kashe ta yadda ya kamata. Sai sabulu da ruwa a hannu, sai bilic a jikin kaya. A Janairun 2014 ta kwantar da kusan mutum 700 a jirgin Explorer of the Seas, dole ya katse tafiya ya koma New Jersey.

Sai dai a nan ina so mu yi wa jirgin adalci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa norobairos na kama mutum miliyan 19 zuwa 21 duk shekara a ƙasar, kuma kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na ɓarkewar da ake kai rahoto ke faruwa a jiragen shaƙatawa. Fiye da rabi a gidajen kula da tsofaffi da makamantansu ne. Me ya sa sunan jirgi ya fi fita? Saboda ana ƙirga shi. Tun 1975 hukumar take da shirin duba tsaftar jirage. Jirgin da ya taso daga waje zai tsaya a tashar Amurka sai ya faɗi yawan masu gudawa a cikinsa kafin ya iso, ko da babu ko ɗaya. In suka kai kashi 3 cikin 100, a wallafa sunansa duniya ta gani. Sau biyu a shekara masu duba tsafta ke faɗo masa ba sanarwa, su ba shi maki cikin 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi. Wane otal, wane gidan biki ne a kan tudu ake yi wa wannan bin diddigi? Kaso mai yawa na tsoron da mutane ke ji, daga wannan ƙirgar ya samo asali, alhali ita ce abin da ya kamata ya kwantar musu da hankali.

Abin da ya faru a 2020 kuwa wani babi ne dabam, kuma a kansa zan ɗan daɗe.

Jirgin Diamond Princess ya tashi daga Yokohama ta Japan ranar 20 ga Janairu. Wani dattijo ɗan shekara 80 ya sauka a Hong Kong ranar 25, ranar 1 ga Fabrairu gwaji ya nuna yana da korona. Da jirgin ya dawo Yokohama ranar 3 ga wata, hukuma ta hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki: fasinja 2,666, ma'aikata 1,045. Aka ce kowa ya zauna a ɗakinsa kwana 14. Waɗanda suka biya kuɗin ɗaki mai baranda suna shan iska suna kallon tasha. Waɗanda ke ɗakunan tsakiya, inda ko taga babu, sai a fito da su rukuni-rukuni na ɗan lokaci a mayar. An raba wa kowa ma'aunin zafin jiki, kullum kyaftin ya yi sanarwa ta lasifika, mutane su kasa kunne su ji sabon adadin waɗanda suka kamu. A ƙarshe mutum 712 suka kamu, aƙalla 13 suka rasu. A tsakiyar Fabrairu, in aka cire ƙasar Sin, babu inda ya kai wannan jirgi yawan masu cutar a duniya. Kusan rabin waɗanda gwaji ya kama ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su, abin da ya farkar da likitoci cewa mai lafiya a ido ma yana iya ɗauke da ita.

Tambayar da nake so ɗalibanmu su riƙe ita ce: da aka kulle fasinjoji a ɗakuna, wa ke kai musu abinci sau uku a rana? Wa ke kwashe shara, wa ke wanke zannuwa? Ma'aikatan nan dubu ɗaya ne, yawancinsu 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya. Su ba a killace su ba, don in sun zauna aikin jirgi ya tsaya. Suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna can ƙasa, suna cin abinci a zaure ɗaya. Binciken da aka yi ya nuna cewa cikin ma'aikata 20 na farko da aka tabbatar sun kamu, 15 masu aikin abinci ne, 16 kuma a hawa na 3 suke kwana. Wasu 'yan Indiya daga cikinsu sai da suka yi bidiyo suna roƙon gwamnatinsu ta cece su. Ranar 18 ga Fabrairu, Farfesa Kentaro Iwata na Jami'ar Kobe, masanin cututtuka masu yaɗuwa, ya shiga jirgin ya fito ya shaida wa duniya cewa ba a raba inda cuta take da inda babu ita ba. Gwamnatoci suka yi ta aiko jiragen sama suna kwashe fasinjojinsu. Ma'aikatan su ne na ƙarshen sauka. Wannan abu yana ci mini rai, domin duk lokacin da aka yi hirar tsoron cuta a jirgi, mai hutu ake tunawa, a manta da wanda ke shimfiɗa masa gado.

Daga nan nake ɗauko abin da na zo in faɗa. Cunkoso yana taimakon cuta, haka ne. Amma abin da ke mayar da ciwon mutum uku ya zama annobar ɗaruruwa shi ne ɓoyewa da jinkiri, kuma a jirgi kusan kowa yana da dalilin yin shiru. Fasinjan da ya shekara yana tara kuɗin tafiya, ya tashi da murɗar ciki ran kwana na biyu, ya san in ya je wurin likitan jirgi za a ce ya zauna a ɗaki har sai ya yi awa 24 garau. Sai ya sha maganin tsayar da gudawa ya nufi zauren abinci. Mai aikin kicin, ƙa'ida ta ce sai ya yi awa 48 da warkewa kafin ya koma, shi kuwa yana tunanin kwantiraginsa da iyalin da ke jiran aike. Kamfani yana tunanin sunansa, tasha tana tunanin ciniki. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan hali ya girmi jiragen shaƙatawa. A watan Mayun 1720 jirgin Grand Saint-Antoine ya iso Marseille ta Faransa daga gaɓar Sham, bayan mutane sun mutu a cikinsa a hanya. Birnin yana da dokar killace jirage, amma jirgin na ɗauke da yadudduka masu tsada da ake son kai wa kasuwar baje koli ta Beaucaire, kuma manyan gari suna da hannu a kayan. Aka sassauta. Annobar da ta biyo baya ta kashe kusan rabin mutanen birnin. Shekara 300 bayan haka, ranar 19 ga Maris 2020, aka bar fasinja kusan 2,700 suka sauka daga Ruby Princess a Sydney ta Ostareliya, alhali an ɗauki samfurin wasu marasa lafiya sakamako bai fito ba. Suka hau jiragen sama da na ƙasa suka watsu. Mutum 28 suka rasu, kwamitin binciken da aka kafa kuma ya ce hukumar lafiyar jihar ta tafka babban kuskure da ta ɗauki jirgin a matsayin mai ƙaramin haɗari.

Tsoro in ya wuce kima shi ma ɓarna yake yi. A wannan watan na Maris ne tashoshin Kudancin Amurka suka yi ta korar jirgin Zaandam, mutum 4 suka mutu a cikinsa kafin Florida ta karɓe shi ranar 2 ga Afrilu. Duk kyaftin da ya ga haka, an koya masa cewa faɗin gaskiya yana jawo rufe ƙofa.

Mu ma muna da tarihi da wannan lamari. Kakanninmu da suka bi ƙasa zuwa Makka ta Sawakin suka tsallaka zuwa Jidda, kuma tun bayan kwalarar da ta ɓarke a aikin hajjin 1865 aka riƙa tsare alhazan jirgin ruwa a sansanoni irin su tsibirin Kamaran da El Tor. Allurar sanƙarau da ake wajabta wa maniyyata a yau daga irin wannan tunanin ta fito.

To, wanda ke shirin irin wannan tafiya, me ya kamata ya dame shi? Matashi mai ƙoshin lafiya, abin da galibi zai same shi kwana biyu ne na wahala, da ruwan gishiri da sukari zai miƙe. Wanda nake wa fargaba shi ne dattijo, da mai ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, da mai juna biyu, da ƙaramin yaro, domin gudawar kwana ɗaya tana iya ƙarar musu da ruwan jiki, mura kuma ta sauka a huhu. Asibitin jirgi ƙarami ne, da kuɗi ake ganin likita, kuma in ciwo ya fi ƙarfinsa a tsakiyar teku sai an juya jirgi ko an kira mai saukar ungulu. Irin waɗannan mutane su ga likitansu tun kafin su biya kuɗi, su cika allurar mura da korona da ƙyanda bisa shawararsa, su tabbatar inshorarsu ta haɗa da kwashe mara lafiya daga teku, su riƙe magani fiye da na kwanakin tafiya, don mutanen Diamond Princess da yawa maganinsu ya ƙare suna kulle. Kwamin wanka mai ɗumi da ake shiga a taru ma su yi hattara da shi: a 1994 tururin irinsa ne ya sa wa fasinjojin jirgin Horizon ciwon huhu na lajonela a hanyar New York zuwa Bamuda.

Makin tsaftar jiragen da ke tsayawa a Amurka yana shafin CDC, kowa na iya dubawa. Akwai kuma tambaya biyu da nake so mai sayen tikiti ya yi wa kamfani a rubuce. In likitan jirgi ya ce in zauna a ɗaki, za ku mayar mini da kuɗin kwanakin da na rasa? Ma'aikacin da ya kai kansa asibiti, albashinsa na ci gaba da tafiya? Kamfanin da ya amsa e ga duka biyun ya cire wa mutanensa babban dalilin ɓoye ciwo, kuma in masu biya suka yawaita tambaya, sauran kamfanonin dole su tanadi amsa.

A nan zan dakata a ba masu tambaya dama.