Ɗakin da ba ya cin icce: jawabi a taron jama'a

 

Maganata ta yau kan rufin ɗaki ne. Gina bango bai taɓa gagarar talaka ba, tun da laka tana nan ƙarƙashin ƙafarsa. Wurin rufi ne ake shan wuya. Azarar giginya ta yi tsada, ta yi nisa. Wanda bai da kuɗinta sai ya shiga daji da gatari, alhali itatuwan da yake sara su ne bisashe ke cin ganyensu da 'ya'yansu da rani. Bayan 'yan shekaru gara ta cinye iccen, a koma daji kuma. Mai kuɗi ya sayi kwano da siminti, waɗanda ake biya da tsada, ga zafi da bazara kamar tanderu.

To, akwai dabarar rufe ɗaki da tubalin laka zalla. Daga ƙasar Nubiya ta fito, a bakin kogin Nilu; a Luksor ta Masar akwai rumbunan da aka rufe haka tun fiye da shekara 3000, har yau wasu suna tsaye. A Nijar, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina ita a Cikal, wajen Filinge, a 1980, daga baya aikin ya kai Iferwan cikin Ayar. A Barkina Faso kuma an kafa ƙungiyar La Voûte Nubienne a 2000, a garin Boromo.

Ga yadda ake yi. Bangaye biyu na gefe a yi su da kauri, kamar santimita 60, domin su ne ke ɗaukar turin rufi. Magini yana jera ƙananan tubala cikin siffar baka, kowane layi ya jingina ga na bayansa, na farko kuwa ya jingina ga bangon ƙarshe. Ba ginshiƙi, ba katako. Faɗin ɗakin bai wuce mita 3 da 'yan kai ba, amma tsawo sai yadda mutum ya so. Kuɗin duka suna zama cikin gari: na magini, na masu buga tubali, na mai amalanken ruwa.

Sai dai laka ba ta shiri da ruwa, kuma ba zan ɓoye muku ba. A damanar 2024 gidajen ƙasa da yawa sun rushe a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Saboda haka kada a yi gini a fadama ko kan hanyar ruwa. A ɗaga tushe da dutse, a sa indararo mai tsawo, a sabunta yaɓe kafin ruwan farko. Kuma kada a ba kowa aikin sai maginin da ya koya a hannun gwani, domin rufin da aka karkata yana iya faɗo wa mutane.

Masu tambaya su matso kusa. Wassalam.