Daga Dutse Zuwa Bakin Teku: Jawabin Wani Tsohon Direba Ga 'Yan Aji

A ƙarshen watan jiya ne 'yan ajin yaƙi da jahilci na yaran mota da 'yan kamasho a Dutse suka gayyaci wani tsohon direba ya yi musu jawabi. Dattijon ya daɗe yana kai dabino, albasa da busasshen barkono Legas, wani lokaci ya zarce har Ankara, babban birnin Gana. Samari daga Kiyawa da Shuwarin sun cika ɗakin, don da yawansu suna da niyyar bin mota da rani.

Ya fara da cewa bai taɓa kama ɗaki a otal ba. Motarsa ce ɗakinsa. Ya ce kuɗin masauki na mako biyu ya isa ya cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa, amma kwana a mota ba ya zama araha sai ga wanda ya shirya tun daga gida. Guzurinsa bai wuce garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi da ganyen shayi ba, sai risho, buta, jarkar ruwa biyu, tabarma, tamfol da tocila. Kan gidan sauro kuwa ya ja kunne sosai, ya ce wanda ya manta da shi, abin da ya tara a likita zai ƙare.

Hanyar Kano, Kaduna, gadar Jebba, Ilori da Ibadan bai tsaya kanta ba, sai dai ya ce a tambayi direbobin tasha labarin tsaro kafin a zaɓi hanya, kuma kada a yi tafiyar dare.

Daga Legas, in ji shi, ake fara bin gaɓar teku. A wuce Badagiri zuwa iyakar Seme, a shiga Kwatano ta ƙasar Binin, a bi ta Wida da Garan-Popo, a ratsa Togo ta Lome, sannan a shiga Gana ta Aflawo. Ya ce tsakanin Legas da Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, kuma kowace tana iya cin wuni. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Nijeriya yana shiga waɗannan ƙasashe ba biza, ya zauna har kwana 90. Duk da haka sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin shawara, da takardun mota, da inshorar ƙetare iyaka. Ya ce a nan ne karatu ya yi masa rana, don wanda bai iya duba ranar da takardarsa ta ƙare ba, duk abin da aka ce ya biya sai ya biya. Ya tuna musu kuma cewa an taɓa rufe iyakokin Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, don haka a ji labari kafin a ɗaura kaya.

Inda ya fi daɗewa shi ne maganar wurin kwana. Ya ce bakin teku yana da ruɗin Bahaushe: ga rairayi fari tas, ga inuwar kwakwa, ga iska mai sanyi bayan zafin injin. A tafiyarsa ta farko ya ajiye mota kan yashi kusa da Garan-Popo, ya shimfiɗa tabarma. Can tsakar dare ya farka ya ji ruwa yana taɓa ƙafarsa. Ashe teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, shi kuwa bai sani ba. Tayoyi sun nutse, sai da masunta suka taru da igiyar jan komarsu suka fid da shi, ya biya su abin da ya fi kuɗin otal. Ɗaki ya kaure da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce kada wanda ya iya ninƙaya a kogin Hadeja ya ɗauka zai iya a can, don igiyar ruwan wurin tana jan mutum ciki. Kada kuma a ajiye mota ƙarƙashin kwakwa, ɗaya ta faɗo gilashi ya tafi.

Shawararsa ita ce a nemi zango tun rana ba ta faɗi ba. Akwai Hausawa a Zangon Kwatano, da na Lome, da Nima da Sabon Zango a Ankara. A gaida Sarkin Zango ko limami, a ba maigadi ɗan abin goro, a kwana kusa da masallaci inda akwai ruwa da makewayi. Ya ƙara da cewa iskar teku gishiri gare ta, tana sa tsatsa, sai a wanke ƙarƙashin mota in an dawo. Dabino da barkono kuma a lulluɓe su da kyau, don laimar kudu tana sa su fumfuna.

Wani saurayi ya tashi ya ce, "Baba, in mutum ya sauka wurin da ba masallaci, yaya zai gane gabas?" Dattijon ya ce, "Ɗana, a wannan hanya teku kudu yake. Ka sa shi a hannun damanka, ka ɗan karkata hagu, ka ta da salla." Ya kuma tuna musu su mayar da agogo baya da awa ɗaya in sun shiga Togo, su canja sefarsu zuwa sidi kafin su bar Aflawo.

'Yan ajin sun roƙe shi ya dawo wata mai zuwa da tsofaffin takardun motarsa, domin malaminsu ya koya musu karanta su ɗaya bayan ɗaya.