Tsufa Ba Ya Hana Ɗaga Ƙarfe: Jawabi Ga Dattawan Ƙungiya

Shugaban taro, iyayena dattawa na Hausari a Nguru da na Zango a Gashuwa, ina gaisuwa.

Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930, kakanninmu da ƙarfin jiki suka ci abinci: dakon buhunan gyaɗa da fatu a tasha, noman fadama, da kamun kifi. Yau kuwa da yawanmu zaman shago ne da hawan babur. Shi ya sa za ka ga mutum bai wuce 65 ba, amma tashi daga sujada sai ya dafa bango, wani ma ya koma salla a zaune.

Dalili shi ne tsokar da ba a mora ramewa take yi, ƙashi ya yi rauni, faɗuwa ɗaya ta jawo karayar ƙugu. To, amma ƙarfin yana dawowa. A 1990 likitoci a Boston ta Amurka suka sa tsofaffi 10 masu kimanin shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako 8 ƙarfinsu ya wuce ninki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2020 ta ba da shawarar a riƙa ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Abin ba tsada. Kun san sandar ƙarfen nan da samari ke zuba wa siminti a gwangwani, gefe da gefe. Kai dattijo fara da sandar zalla. Ka riƙe ta, ka zauna a benci ka miƙe sau 8, ka huta, ka maimaita. Ka ɗauko ta daga ƙasa bayanka a miƙe. Kada ka riƙe numfashi. Nauyi kuwa kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. A yi bayan Asuba kafin rana ta yi zafi, kuma iyayenmu mata ma su yi a cikin gida.

Gargaɗi biyu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko a asibitin Gashuwa. Sannan mun san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin Bade, don haka a guji yawan shan maganin ciwon jiki da magungunan ƙara ƙarfi na 'yan talla, a sha ruwa sosai.

Ina roƙon ƙungiya ta tanadi sanda biyu da benci a kowane reshe. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.