Awon Doki da "Hannu": Inci Nawa Ke Nan?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai kiwon dawaki a wajen Maigatari. Ya ce dillalin 'yan wasan folo ya aiko masa yana neman doki mai tsayin "hannu 15.2", in ya kai za a saya da daraja, in bai kai ba kada ma ya ɗauko shi. Shi kuwa bai san wane hannu ake nufi ba, yana tsoron asarar kuɗin mota.

To malam, wannan awo na Turawan Ingila ne. Asalinsa faɗin tafin hannu ne, amma da yake wani hannun ya fi wani, a 1540, zamanin Sarki Henry na 8, doka ta tsayar da shi a kan inci 4. Kada ka ɗauka taƙi ne ko kamu irin namu.

Hannu 15 sau 4, inci 60 ke nan. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗigon nan. Ba irin wanda muka koya wa yara a aji ba ne. Lambar da ke bayansa inci ne cikakku, wato 60 da 2, inci 62, ƙafa 5 da inci 2. Wanda ya buga 15.2 sau 4 a kalkuleta zai samu 60.8, ya yi kuskuren inci ɗaya da 'yan kai, wannan kuwa ya isa ya ɓata ciniki. Shi ya sa ba a rubuta 15.4, don inci huɗu sun cika hannu, ya zama 16. 'Yan'uwanmu na Nijar masu awo da santimita, 15.2 ɗin nan 157 da rabi ne.

Wajen awo, kwance sirdi, ka tsayar da shi a daɓe, ba cikin rairayi ba. Ba a auna kai, don yanzu zai ɗaga, yanzu zai sunkuyar. Kafa miƙaƙƙiyar sanda kusa da ƙafarsa ta gaba, ka gitta wata a kan ƙashin nan da ya ɗan taso inda geza ta ƙare, ka yi alama, sannan ka auna sandar da tef ɗin tela. Kada ka bi jikin dokin da tef, zai ƙara maka abin da babu.

In ka samu 61, malam, 15.1 ke nan. Buga wa dillalin waya ka faɗa masa kafin ka nemi mota.