CIWON DAJI GA MAI CIKI DA MAI JEGO

Jawabi ga jama'ar Azare da ƙasar Katagum

Wannan jawabi ya shafi kowane gida, domin babu gidan da ba a haihuwa. Batunsa shi ne ciwon daji, watau sankara, idan ya kama mace tana da ciki ko tana goyo, da kuma abin da ke sa wata ta rayu wata ta rasu.

Likitoci sun ƙiyasta cewa a cikin masu ciki 1,000 akan sami guda ɗaya mai wannan ciwo. Wanda ya fi yawa shi ne na nono, da na bakin mahaifa, da na jini. A Nijeriya, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, mata fiye da 28,000 suka kamu da sankarar nono, wajen 14,000 suka rasu. Wajen 12,000 kuma suka kamu da ta bakin mahaifa.

An daɗe ana zaton cikin ne ke hura wutar ciwon. Binciken da aka yi a ƙasar Norwe, aka buga a 2009, ya nuna cewa a yawancin ire-iren sankara mai ciki tana rayuwa daidai da wadda ba ta da ciki. Amma sankarar nono da aka gano lokacin shayarwa ta fi kisa. Haka nan wani bincike na ƙasar Kanada a 2023, a kan mata fiye da 24,000, ya sami ƙarin mace-mace ga masu sankarar nono da aka gano da ciki ko cikin shekara guda bayan haihuwa.

Babban dalili ɗaya shi ne jinkiri. Nonon mai ciki yakan cika ya yi tauri, saboda haka ƙullutu ya ɓuya. Mai jego ta ji kumburi, a ce ruwan nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya. Jini ya ƙi tsayawa bayan arba'in, a ce jinin biƙi ne, a ƙara kunun kanwa. Mai cikin fari kuwa kunya ta hana ta faɗi. Kafin a isa asibiti ciwon ya yi nisa, alhali tun ran gini ran zane.

Alamomin da ba a zama da su a gida su ne:

1. Ƙullutu a nono ko a hamata wanda ya wuce mako biyu bai baje ba.
2. Jini daga kan nono, ko kan nonon ya shige ciki, ko gyambon da ya ƙi warkewa.
3. Zubar jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari.
4. Jinin da ya ƙi ɗaukewa bayan haihuwa ko ɓari. Akwai wata sankara da ke tasowa daga ragowar mabiyiya, kuma tun 1956 aka sami maganinta. Yawancin masu ita sukan warke sarai.
5. Rama, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da kaluluwar da ba ta sauka.

Tsoron da ke hana iyali zuwa asibiti shi ne kada a taɓa ɗan da ke ciki. To, a kwantar da hankali. Hoton na'urar duba ciki ba ya cutar da ɗa, haka nan ɗibar ɗan tsoka don awo. Ana iya yi wa mai ciki aiki. Ƙarin ruwan maganin sankara ba a ba da shi a wata uku na farko, amma ana bayarwa bayan haka, a tsaya makonni kaɗan kafin haihuwa. Gashi da na'ura galibi sai an sauka. A 2015 likitocin Turai sun bi yara 129 da aka haifa a wannan hali, suka tarar basirarsu da zuciyarsu ba su sami illa ba. Abin da ya fi damun yaran shi ne haihuwa kafin lokaci. Zubar da ciki kuma bai ƙara wa mai sankarar nono tsawon kwana ba. Sai dai ba a shayarwa yayin da ake karɓar maganin.

Saboda haka mace a Gamawa, ko Yana, ko Giyaɗe, ko Itas, ko garin Katagum, ta faɗa wa ma'aikaciyar awon ciki duk abin da ta gani. Idan da bukata, za a tura ta asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare, daga nan kuma zuwa asibitocin koyarwa na Bauchi, ko Gombe, ko Kano, ko Zariya. A Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Iyaye su kai 'ya'yansu.

Nauyi mafi girma yana kan maigida, wanda izni da kuɗin mota ke hannunsa, sai uwar miji da ungozoma, waɗanda suke fara gani. Hakimai da dagatai da limamai su taimaka da faɗakarwa. Neman magani ba ya kore tawakkali. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa tare da uwarsa, amin.