Daga Famfon Keke Zuwa Injin Jirgin Sama



Duk wanda ya taɓa yi wa tayar keke iska ya san famfo yakan ɗau zafi, domin iska in aka matse ta, zafi take yi. Da wannan injin dizal yake aiki: matsi kaɗai ke kunna mai, babu fulogi. Fetur kuwa ya fi gardama, yakan kama ba a kan kari ba. A 2019 kamfanin Mazda na Japan ya fito da injin Skyactiv-X, inda ɗan tartsatsin fulogi ke ƙara matsi, sauran fetur ya kama da kansa, a sami tsimin mai.

To, ina batun jirgi? Injin Wankel, wanda aka fara tayarwa a Jamus a 1957, ba shi da fistin; ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa cikinsa. Ba shi da nauyi ko yawan jijjiga, shi ya sa ƙananan jirage ke amfani da shi. Aibinsa shan mai. Wannan dabara za ta iya rage aibin, sai dai gurbin da mai ke ƙonewa cikinsa dogo ne siriri, zafi na zurarewa, matsi mai ƙarfi yana wuyar samuwa.

Mai warware wannan ƙulli wataƙila yana aji huɗu yanzu. Mu shiga masa aji da famfon keke.