Paparoma da Shekarar 1870



A wurin mabiya ɗariƙar Katolika, Paparoma shi ne Bishop na Roma, magajin Manzo Bitrus. Fiye da shekara dubu kuwa sarki ne mai ƙasa da haraji da mayaƙa.

To, ku dubi 1870. A watan Yuli majalisar bishop-bishop ta zartar cewa ba ya kuskure idan ya yanke hukuncin aƙida bisa gadon mulkinsa. A watan Satumba sojojin Italiya suka ƙwace Roma daga hannun Pius na Tara. A ganina, wannan hasara ta ƙara wa maganarsa nauyi, ko da yake shi zalunci ya ɗauke ta. Ya kulle kansa a fada, magadansa suka bi sawu, sai 1929 aka yanka musu ƙasar Batikan, hekta 44 kacal.